Shiga dajin ruwa na Epe da haye Lagun a kwale-kwale: dole sai da ɗan gari?

Sadik_Obalende: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san ruwan garin nan na Legas. Mu huɗu ne, mun saba ranar Lahadi mu je wajen Ikoyi mu yi hayar ƙananan jiragen roban nan na mutum ɗaya, kayak, mu ɗan zaga gefen mashigin ruwan Five Cowrie mu dawo. To yanzu mun ce bari mu ƙara gaba, mu je Epe mu karɓi hayar kwale-kwale biyu hannun masunta, mu shiga dajin ruwan nan mai itatuwan mangurof da saiwarsu take tsaye a waje, in mun fito fili mu haye zuwa ɗaya gaɓar mu ci abinci mu juyo kafin magariba. Sai mai jirgin ya ce shi ba zai bayar ba sai da yaransa a ciki, kuma kuɗin yaran ya kusa kamo kuɗin jiragen. Ni a ganina ba dole ba ne, mu uku mun iya ruwa, ni a Dam ɗin Tiga na koya tun ina ƙarami, kuma kowa ya san Lagun, babban ruwan nan da ke kwance cikin Legas, ba zurfi, wurare da yawa ma da gora ake tura jirgi. Meye abin tsoro a ruwan da yake kwance?

Maman_Hanif: Wa alaikumussalam. Ka ce ku uku kun iya ruwa. Na huɗun fa, ɗan waye?

Sadik_Obalende: Anti shi zai sa rigar ruwa ai, laif jaket, mun riga mun yi maganar.

Maman_Hanif: Shi kaɗai zai sa kenan. To ni nan ne ban gane ba.

Baba_Yauri: Yarona Sadik, Allah shi yi maka albarka da ka tambaya tun ba ku tahi ba. Ni a bakin Kwara anka haife ni, uwayena masunta na, kuma tun da ni zo Ikko ban rabu da bakin ruwa ba. Abin da ni ka son ka riƙe shi na, iya iyo daban, iya ruwa daban. Mai iyo shi na wanda ya tuɓe rigatai da kainai, ya zaɓi wurin da za ya faɗa, ya shirya numfashi. Wanda jirgi ya kife da shi ba ya zaɓi komi ba, da tufafi da takalmi ya faɗa, ruwa ya shiga mai hanci, wataƙila gefen jirgi ya buge mai kai, ga ɗan'uwa ya riƙe mai wuya. Mutanen da munka ciro daga ruwa tun muna samari, da yawansu gwanayen iyo na. Ka biya yaran ga kuɗinsu. Da ɗan gari a kan ci gari.

Sadik_Obalende: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Amma Kwara ai kogi ne mai gudu, wannan kuwa tafki ne.

Injiniya_Apapa: @Sadik_Obalende nan fa sai ka tsaya. Lagun ɗin Legas ba tafki ba ne irin Tiga, a haɗe yake da teku ta bakin da manyan jirage suke shigowa, tsakanin Tarkwa Bay da Victoria Island. Ta nan ruwan teku yake turowa ciki kuma ya janye, sau biyu a kwana ɗaya, wajen awa 6 da ɗan abu yana cika, wajen awa 6 da ɗan abu yana komawa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50, wato in yau ya cika ƙarfe 9 na safe gobe sai wajen 10 saura. Ƙarfinsa kuma wata yake bi, mu da muke lissafin watan Musulunci ma abin ya fi mana sauƙi, kwanakin tsayuwar wata da kwanakin 14 da 15 su ne ruwa yake cika sosai kuma ya janye sosai, gudunsa ya fi ƙarfi. A bakin teku bambancin bai wuce wajen mita ɗaya ba, za ka ce ai kaɗan ne, amma ruwan Lagun gaba ɗaya ne yake neman hanya ta ƴan matsatsun wurare, shi ya sa a ƙarƙashin gada kake ganin yana murɗawa jikin ginshiƙi. Ku da kuke zuwa Five Cowrie ku lura wata rana, tafiya tana muku sauƙi dawowa kuma hannu ya gaji jirgi ba ya gaba, ba gajiya ba ce, ruwa ne ya juya.

A cikin mangurof kuwa abin da yake yi wa baƙo shi ne ka shiga lungu ruwa har ƙugu, ka yi nisa kana kallon tsuntsaye, bayan awa 3 ka juyo ka tarar hanyar ta zama taɓo. Jirgi ya zauna, kai kuma in ka sauka ka tura taɓon ya haɗiye ka har cinya. Ba abin yi sai zaman jiran ruwa ya dawo, in kuma dawowar tasa bayan magariba ce to kai da sauro ne.

Dan_Epe_Mai_Albasa: Injiniya duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma na gefenku ne, Apapa da Tarkwa Bay da Ilashe da Ibeshe da hanyar ruwan Badagry. Mu nan Epe mun yi nisa da bakin teku, cika da janyewar nan ba ta iso mana da ƙarfi, ruwanmu ma kusan na daɗi ne saboda kogin Osun a Lagun ɗin Lekki yake zubawa, shi ya sa in ka shiga lungunan namu tukurwa da ciyayi za ka fi gani cakuɗe da mangurof ɗin. Mu abin da yake kashe mutane a nan iska ce da hadari, sai ɓata. Ni kifi nake saye a kasuwar Oluwo ina haɗawa da albasata, kullum ina tare da masu jiragen nan, kuma mai jirgin da ya ce sai da yaransa ba kuɗinka yake hange ba kawai, jirginsa shi ne gonarsa, in kun ɓata ko kun kifar da shi shi za a kama.

Injiniya_Apapa: Haka ne, Epe daban. Amma su koyi duba jadawalin ruwan dai tunda Ikoyi suke zuwa duk sati, a waya ma ana samu kyauta.

Auwal_Mile12: Ni wlh ban ga abin da zai kai mutum da ƙafarsa cikin dajin ruwa ba, ba kamun kifi ba ba fatauci ba, kawai yawo. Kuɗin da za ku kashe ku aika gida mana.

Zee_Yaba: Haba Malam Auwal, mutum yana aiki Litinin zuwa Asabar cikin go-sulo da hayaƙi, in ya nemi inda zai sha iska ya ga halittar Ubangiji laifi ne? Ni na shiga na Epe ɗin tare da ƴan ajinmu kuma har yau ina tuna shi, saiwar itatuwan a tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun gizo-gizo, ga ƙananan kifayen nan masu tsalle a kan taɓo, ga kaguwa ko'ina. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan dajin mangurof, mafi yawansa a Neja Delta, amma ɗan namu na Legas kullum cike shi ake da yashi ana gini a kai, wanda bai gani yanzu ba nan gaba sai a hoto. Su je, amma su je da hankali. Mu da masu jirgi muka shiga kuma da ba su da ba mu fito ba, don lungunan duk iri ɗaya ne, ka juya baya ka rasa ta inda ka shigo, ga itatuwa sun rufe sama ba ka ganin gini ko eriya balle ka ce ga gabas.

Sadik_Obalende: Ai akwai taswira a waya Zee.

Zee_Yaba: Taswirar waya ƙananan lungunan nan kore kawai take nuna maka, ba hanya ko ɗaya. Sabis kuma yana ɗaukewa. Kuma wayar in ta faɗa ruwa fa?

Dan_Epe_Mai_Albasa: Ƙari a kan maganar Zee, hanyar ma canzawa take. Kainuwa in iska ta turo ta sai ta toshe bakin lungun da kuka shiga da safe, ku dawo ku ga kore shimfiɗe ku ɗauka ba nan ba ne ku wuce. Daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi ta fi yawa, lokacin da ruwan daɗi ya rinjayi na gishiri, ƴan Ikorodu sun san wannan don har jiragen fasinja take tsayarwa a jeti. Filafili ba ya aiki a cikinta, gora ma da ƙyar, kuma wanda ya faɗa ƙarƙashinta ba ya samun inda zai ɗago kai.

Malam_Idi_Araba: Wannan mai shuɗin furen ba irin kainuwarmu ta tafkunan arewa ba ce, asalinta daga Kudancin Amurka take, a shekarun 1980 ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagry. Gishiri ne maganinta, shi ya sa da rani ya yi nisa ruwan teku ya turo sai ka ga ta bushe ta ragu.

Auwal_Mile12: To ni dai abin da na sani in kwana ya ƙare ko da jaket goma sai an tafi, in da saura ko ba komai sai a fita. Mutanenmu nawa suke hawa jirgi a Baga da Yauri ba jaket shekara da shekaru?

Malam_Idi_Araba: Ɗan'uwa Auwal, ajali gaskiya ne ba mai musu, amma ba haka aka koya mana tawakkali ba. Mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Annabi Nuhu alaihissalam ma jirgi aka umarce shi ya sassaƙa. Ka karanta Bismillahi majreha wa mursaha in za ka shiga, sannan ka ɗaure rigarka, ba ɗayan da yake hana ɗaya. Kuma mutanen namu da ka ce suna hawa ba jaket, ai muna ganin sakamakon. Ka manta Bagwai? Nuwamban 2021, Dam ɗin Watari, yara ƴan Islamiyya daga Badau za su maulidi, an cika jirgi fiye da kima ya kife. Dam ne fa, ruwan kwance irin wanda Sadik yake cewa ba abin tsoro. A shekarar dai aka yi na Warrah a Kebbi, 2023 aka yi na Patigi a jihar Kwara mutum sama da 100 ƴan dawowa daga biki. Kusan duk labarin ɗaya ne, lodi ya yi yawa, ba rigar ruwa, sau da yawa kuma dare.

Hajiya_Agege: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na Bagwai ɗin nan har yau in na tuna sai jikina ya mutu. Allah ya jiƙansu.

Baba_Yauri: Amin Hajiya. Auwal, kai da ka ambaci Yauri, ka tambayi kowane Sarkin Ruwa. Tun da anka datse Kainji a 1968 ruwa ya haye daji, kututturan itace suna nan ƙarƙashi, baƙo ba ya ganinsu, ɗan gari ya san inda kowane ya ke. Kuma masuncin da kaka gani Argungu ya faɗa Matan Fada, da gora ya ka faɗawa, ƙaton goran ga shi ka riƙe shi bisa ruwa. Kakanninmu ba su raina ruwa ba.

Injiniya_Apapa: Nan Legas ma muna da namu. Yulin 2022, ana jajibirin babbar sallah, jirgin fasinja ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da dare, ruwa ya ja shi ya kai shi jikin wani ƙaton jirgin dakon kaya da yake tsaye, baj, ya kife, mutum sama da 15 suka rasu, yawancinsu ƴan gida ɗaya. Wannan jirgi ne mai inji. Ku masu filafili in ruwa ya fara tura ku wajen baj ko ginshiƙin gada tun daga nesa za ku kauce, don ruwan ƙarƙashinsa yake bi kuma da ku zai bi. Hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta jiha da NIWA ta tarayya, duk sun wajabta rigar ruwa kuma sun hana tafiyar dare, ba don ado ba.

Sadik_Obalende: To jaket kowa zai sa in sha Allah, wannan an gama. Amma maganar hayewa fa? A ido bai fi tafiyar minti 30 ba.

Dan_Epe_Mai_Albasa: Ido yana ƙarya a kan ruwa ƙanena. Gaɓar da kake gani kusa sai ka yi awa biyu ba ka taɓa ta ba. Sabon hannu a kwale-kwalen katako in ya yi kilomita 3 ko 4 a awa ya yi ƙoƙari, in ba iska kenan, kuma ku kayak kuka saba mai filafili baki biyu, wannan baki ɗaya ne, in na baya bai iya riƙe jirgi ba zagaye za ku ta yi wuri ɗaya. Sannan da safe ruwan lumui yake, daga azahar iskar teku take tasowa daga kudu maso yamma ta yi ta ƙaruwa har la'asar, daidai lokacin da kuka ci kuka ƙoshi kuka gaji za ku juyo. Rashin zurfin da kake yabo shi ne yake sa igiyar ruwan ta zama gajeru a jere a jere, wannan ta mare ka kafin jirgi ya daidaita wata ta zo, ruwa yana ta shiga ta gefe. Masunta da asuba suke fita, kafin rana ta take yawancinsu sun dawo, ba lalaci ba ne.

Injiniya_Apapa: Kuma "ba zurfi" ɗin nan a bar faɗarsa. Masu haƙar yashi sun yi ramuka a wurare da dama cikin Lagun, nan gora tana taɓa ƙasa, taku kaɗan gaba ba ta taɓawa. Inda ba zurfin ma ƙasan laka ce ba ta ɗaukar mutum.

Baba_Yauri: Hadari kuma, farkon damina da ƙarshenta, wanga mai tasowa daga gabas baƙi ƙirin. In kun ga ya haɗo, ko kun ji iska ta ɗauke tsit sannan sanyi ya bugo, kada ku ce bari mu ƙarasa. Gaɓar da ta fi kusa ita za ku nufa ko ba ita kuka nufa ba. Iska ta ka riga ruwan sama isowa. Kuma tsawa, mutum zaune tsakiyar fili bisa ruwa shi na abin da ya fi komi tsawo wurin.

Nas_Fatima: Bari in sa baki ta ɓangarenmu na asibiti. Wanda yake nutsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu yadda ake nunawa a fim, shiru yake yi, kai yana sama yana ƙasa, don haka ku dinga ƙirga junanku. In wani ya faɗa kada a bi shi da tsalle, a miƙa masa filafili ko a jefa igiya ko jarka mai murfi wadda ba komai ciki. In an ciro mutum ba ya numfashi a daina wannan danna ciki da juya shi ƙasa wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma amai yake jawowa ya shiga huhu, a kwantar da shi a buɗe hanyar iska a hura masa numfashi a baki sannan a danna ƙirji, wani kuma ya kira 112 ko 767. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau a kai shi asibiti, don numfashi yana iya rikicewa bayan wasu awanni. Sai yanka, a gefen ruwan gishiri saiwar mangurof cike take da ɓawon kawa mai kaifi, kada a kama ta da hannu don tsayar da jirgi, kuma a sa takalmi rufaffe ba silifas ba. Wanda ya yanke ya wanke da ruwan gora mai tsabta nan take, in ya kumbura ko ya yi ja ya zo a duba, a duba allurar tetanus ma. A ruwan daɗi mai dodon koɗi kuma akwai tsargiya, ba sai an yi wanka da gangan ba.

Hajiya_Agege: Allah ya saka da alheri Nas. Ni tambayata ta mata ce, ƴata tana ta naci makarantarsu za su je irin wannan yawon, ya za ta yi da hijabi?

Zee_Yaba: Hajiya ƙaramin hijabi za ta sa wanda za ta cusa cikin jaket ɗin, da doguwar riga mai hannu iya gwiwa da wando, yadi mara nauyi. Dogon hijabi har ƙasa ko abaya ko zani in sun jiƙe nauyi suke kuma suna naɗe ƙafa, suna kuma maƙalewa a reshe. Maza ma haka, ba babbar riga ba jins. Kuma ki tabbatar jaket ɗin daidai ita ne, a ɗaure duka igiyoyin sannan ki kama kafaɗun rigar ki ja sama, in ta taho har kunnenta to ta yi mata yawa, a ruwa zamewa za ta yi. Ki kuma duba ba yagaggiya ba ce wadda soson ciki ya mutu.

Hajiya_Agege: To madalla. Zan je da kaina in ga malaman, in ji mutum nawa za su zuba a jirgi ɗaya.

Maman_Hanif: Hajiya in yaran ƙanana ne ni da a kai su Lekki Conservation Centre kawai, akwai gadar katako a kan fadamar su taka da ƙafarsu su ga birai da tsuntsaye, ba sai an shiga jirgi ba.

Habu_Florida: Salam, ɗan Agege ne ni amma karatu ya kawo ni Amurka, na ga zancen ya zo inda nake. Nan kudancin Florida akwai Everglades, dajin ruwa ne da mangurof da manyan tafkuna, mutane suna zuwa daga ko'ina don tuƙa kayak. Akwai hanya ɗaya mil 99 daga Everglades City zuwa Flamingo, masu filafili sai su yi sati ko fiye a kanta, suna kwana a kan dakalin katako da aka kafa bisa ruwa. Abin da ya burge ni shi ne duk da kayan aikinsu ba sa wasa, ƙananan hanyoyin cikin mangurof an kafa musu farin bututu mai lamba, daga wannan kana neman na gaba, in ka daɗe ba ka ga lamba ba ka koma ta ƙarshe da ka gani. Mai kwana sai ya karɓi izini ya faɗi inda zai sauka kowane dare. Yawanci kuma lokacin sanyi ake zuwa, Nuwamba zuwa Afrilu, saboda sauran watannin sauro da hadari ba sa bari. Wurin akwai kada iri biyu a ruwa ɗaya, amma in ka saurari gargaɗin ma'aikatan wurin, iska a buɗaɗɗen ruwa da janyewar ruwa da ƙishirwa da ɓata su suka fi nanatawa, daidai abin da Baba da Ɗan Epe suke faɗa. To mu da ba mu da lamba ko ɗaya a lungunan Epe, yaron mai jirgin shi ne lambar.

Auwal_Mile12: Kada fa? Mu namu ruwan akwai?

Dan_Epe_Mai_Albasa: Akwai amma ba kasafai ake gani ba, gudun mutum suke, farauta ta rage su. A dai bar jan hannu ko ƙafa cikin ruwa a lungu, kuma a duba reshe kafin a kama saboda maciji. Ayu ma akwai a ruwan nan.

Baba_Yauri: Ayu ba ya cutar kowa, ciyawa ya ka ci. Mu munka cuce shi saboda mai da nama, yanzu doka ta hana kamunai. Dorina ita ta abin tsoro, ita kuwa can gida Kwara da Binuwai ta ke, ku ba ku da ita nan.

Kabiru_Okada: Ni abin da ba wanda ya faɗa, jiragen fasinjan nan masu gudu. Ina hawa daga Ikorodu zuwa Island, wlh direban ba ya ganin ƙaramin jirgi sai ya zo dab, goshin jirginsa a ɗage yake, balle lokacin hazo. Ku sa kaya masu haske, ruwan lemo ko ɗorawa, ku bi gefe, in za ku ƙetare hanyarsu ku tsaya ku haɗu wuri ɗaya ku ƙetare a tare kai tsaye. In ya wuce igiyar da ya tayar kada ta same ku a gefe, ku juya mata goshin jirgi, kowa ya zauna ƙasa kada wanda ya miƙe ɗaukar hoto.

Injiniya_Apapa: Kabiru ya kawo magana. In kuma jirgi ya kife kada a bar shi a ce za a yi iyo zuwa gaɓa, a riƙe shi, jirgi ake hangowa daga nesa ba kan mutum ba. Kowane jirgi a sa roba ta kwarfe ruwa a ɗaure ta da igiya, filafili ɗaya na ajiya, usur a jikin kowace jaket, tocila ko da ba ku yi niyyar kai dare ba, waya cikin jakar leda mai zif a rataye a wuya ba a aljihu ba, ruwan sha fiye da yadda kuke zato. Ku fara tafiya kuna fuskantar iska ko ruwa, don dawowa ya zama shi yake turo ku. Sannan a bar wa wani a tudu bayani, ga inda muka shiga, ga mu nawa, ga lambar mai jirgi, in ƙarfe kaza ta yi ba ka ji mu ba ka tayar da magana.

Sadik_Obalende: Na tura wa sauran duk abin da aka rubuta. Mun yarda da yaran mai jirgi, kowane jirgi da ɗaya a baya, kuma za mu shiga da sassafe. Hayewar ce har yanzu biyu daga cikinmu suke so, sun ce in da ɗan gari a jirgi ai shikenan.

Zee_Yaba: In yaron ya ce a haye ku haye, in ya kalli sama ya ce a'a kada ku ƙara masa kuɗi don ya yarda. Nan ne ake samun matsala, yaro yana ganin dubu biyar sai ya danne abin da ya sani.

Baba_Yauri: Ni dai ban goyi bayan hayewar ga ba a tahiyar farko, ko da ɗan gari. Ku bi gaɓa ku koyi hannu tukuna. Wanda bai iya iyo ba kuma a sa shi tsakiyar jirgin da yaron da ya fi girma ya ke tuƙi.

Kabiru_Okada: Baba in ruwa ya kwanta da safe kuma ba nisa sosai ni ban ga laifi ba, matan Epe da Makoko kullum suna hayewa da kaya har da goyo.

Maman_Hanif: Su a ciki aka haife su Kabiru, yaron Makoko yana tuƙi tun kafin ya shiga firamare.

Musa_Alaba_Rago: Salam, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Mu nan gefen Ojo muna da Ologe kusa, wajen Agbara, shi ma haka iskar take yi da yamma ko shi da sauƙi tunda bai kai na Epe faɗi ba? Akwai wanda ya taɓa shiga?

Dan_Epe_Mai_Albasa: Ologe ban san shi ba Musa, sai ƴan can. @Sadik_Obalende wace Lahadin kuka sa? Ranar Alhamis zan sauka Oluwo sayen kifi, zan tambayi masu jirgi yadda kainuwa take a bakin lungunan in ɗauko muku hoto, in ta toshe sai ku ɗaga zuwa wani satin.